Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Riƙe Da Zaurukan Karatun Littattafan Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Hajiyoyi, Antoci da Malamai masu riƙe da zaurukan karatun littattafan Hausa a WhatsApp da Telegram, da kuma marubutan da suke sakar mana shafuka a cikinsu dare da rana. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya iyali, ya sanyi? Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da mu, wadda ba albashi ake biyanku a kanta ba, sau da yawa ma sai ƙorafi da baƙar magana.

Buƙata ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina roƙon ku ware mana dare ɗaya a mako, wanda ba za a saki shafi ba, ba za a yi talla ba, a bar mu mu yi hira. Hirar kuma a kan tambaya biyu: me kike karantawa yanzu, kuma ya garin yake a wajenku? An yi ruwa? Hazo ya sauka? Nawa tiyar gero? Na san wasunku za su ce wannan ai ba aikin zauren littafi ba ne. Ni kuwa ina ganin rashinsa ne ya fara nunawa a jikin littattafan kansu.

Ku dubi yadda zaurukanmu suke a yau. Zaure ɗaya na WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma da yawa a cike suke maƙil har an buɗe na biyu da na uku. A saman kowanne an kafe doka: banda hira, banda talla, banda bin mutane ta bayan fage. Marubuciya ta saki shafi bayan isha'i, sai godiya ta biyo baya a jere. Mun gode Anti. Allah ya ƙara basira. Muna jiran ci gaba. Idan an yi abin da ake kira sharhi, to tsine wa kishiya ne ko uwar miji, ko roƙon a haɗa wane da wance kafin littafi ya ƙare. Abin ya koma kamar wurin rabon abincin sadaka, kowa ya miƙa kwano a zuba masa, ya yi godiya, ya juya. Za ki shekara da mutum a zaure ɗaya, kuna kuka a kan labari ɗaya, ba ki san ko a Gusau take ko a Garwa ba.

Ban ce dokar ba ta da dalili ba. Duk wanda ya taɓa buɗe waya da asuba ya tarar da saƙo ɗari bakwai, rabinsu sitika, ya san abin da ya haifar da ita. Ga tsadar data, musamman tun da hukumar sadarwa ta Najeriya ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Ga masu shigowa da sunan mata alhali maza ne. Ga faɗan da ke tashi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Dokar ta yi maganin duk wannan, sai dai ta haɗa da abin da bai kamata ta haɗa da shi ba.

Waɗanda suka riski zamanin littattafan takarda a cikinku za su tuna cewa ba talla ce ta yaɗa su ba, baki ne. A shekarun 1980 da 1990, lokacin da adabin da masana suka laƙaba wa sunan Adabin Kasuwar Kano yake tashe, littafi ɗaya sai ya zaga unguwa har bangonsa ya fita a manne shi da salatif. Akwai masu bayar da haya, akwai mai aiko yarinya ta karɓo kashi na biyu, akwai 'yan makarantar kwana da ke ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Marubuta suna sa adireshinsu a littafi, wasiƙu suna zuwa musu, su kuma su jero sunayen makaranta a shafin gaisuwa. Malaman jami'a da 'yan jarida irin su Ibrahim Malumfashi da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu suka yi ta muhawara a jaridu a kan ko waɗannan littattafai adabi ne ko shirme. Amma muhawarar da ta fi tasiri a tsakar gida aka yi ta. Wadda ta kawo miki littafi ba ta ajiyewa ta fita. Sai ta zauna a bakin tabarma, a gaisa, a yi ya ruwa ya zafi, a taɓa tsadar cefane, a faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu, sannan a gangaro kan littafin: ke kin yarda mace za ta yi abin da wannan ta yi? Maganar gari da maganar littafi a tabarma ɗaya suke zama, kowacce tana auna ɗaya. Da haka mai karatu take gane inda marubuci ya faɗi gaskiya da inda ya shara ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma a nan zan ɗan daɗe, marubuta ku yi haƙuri da ni. Mafi yawan littattafan da ake yayi a zaurukanmu ba su da yanayi. Labari zai ɗauki shekara uku, a yi aure, a yi ciki, a haihu, a yaye, ba a ga damina ta shiga ko ta fita ba. Gidan yana Maitama ko Asokoro ko Nasarawa a Kano, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki ba dare ba rana, daga ɗaki sai mota, daga mota sai jirgin Dubai. Ruwan sama ba ya sauka sai ranar da ake so amarya mai tsoron tsawa ta ruga ɗakin angon da take gaba da shi. Na karanta wannan tsawar a littattafai da yawa har na fara gane ta tun daga nesa, da na ga an ce hadari ya haɗo daga gabas na san sulhu ya kusa.

Alhali mu da muke karantawa, shekararmu huɗu take a rabe, kuma kowane kashi da irin halin da yake sa mutane. Ku ɗauki bazara. Zafin Maris da Afrilu yana fitar da kowa tsakar gida da dare, uwargida da amarya da 'ya'yansu a shimfiɗa kusa da kusa, babu sirrin da zai ɓuya, wanda ya tashi tsakar dare an gan shi. Rijiya ta ja baya, 'yan garuwa sun ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama abin roƙo a maƙwabta, ana fargabar sanƙarau da ƙyanda, yara sun cika ciki da ɗanyen mangwaro. Mutum yana da saurin fushi a wannan lokaci, kuma kowa ya san haka. Sai ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi ƙamshi, gari ya watse gona.

Marka kuwa, wato tsakiyar damina a watan Agusta, ita ce lokacin da ake gane gidan da ke da rufin asiri. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, farashi ya hau. Tafasa da rama da zogale su ne ke cike gurbin tuwo a gidaje da yawa. Itace ya jiƙe ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika madafa, shanya ta kwana uku ba ta bushe ba, ɗaki yana ɗiga an tara roba, katangar ƙasa tana jiran ƙaddara. Sauro ya yi yawa, asibiti ya cika da yara masu zazzaɓi. Ku gaya mini, kishin mata biyu da suke karɓa-karɓar madafa ɗaya mai yoyo a cikin marka, zai yi kama da kishin da ake yi a falo mai kujerun alfarma? Wa ta ɓoye busasshen itace? Wa aka gyara wa rufi aka bar wa? Ga labari nan a zube ba mai ɗauka.

Kaka ta zo da tumu da sabuwar gyaɗa da rake, kuɗi ya shigo hannun manomi, bukukuwan da aka ɗage suka taso gaba ɗaya, 'yan dambe da 'yan kokawa suka fito. Sannan hunturu, da hazon da ke hana jirgi sauka a Kano, da faso da kaushi da man kaɗanya, da yaran da ake kokawa da su kafin su yi wanka, da gobarar da ke yawaita saboda jin ɗumi da iska. A lokacin ne samari da magidanta suke tafiya ci-rani, ƙauye ya koma na mata da tsofaffi da yara har sai hadari ya fara haɗuwa. Matar ɗan ci-rani tana wata biyar tana riƙe da gida ita kaɗai, da surukai a gefe, da wayar da ba kullum ake samunta ba. Littafi nawa kuka saki a bana da ita ce tauraruwarsa?

Magabata ba su raina wannan ba. Na'ibi Sulaiman Wali ya yi wa damina waƙa sukutum, aka yi ta karantar da ita a makarantu, kuma duk wanda ya karanta ta ya ga garinsu a ciki. Ba cewa nake a daina rubuta masu kuɗi ba. Ni ma ina son in huta da talaucina in shiga gidan da ba a ɗauke wuta, wannan ma wani amfani ne na littafi. Amma ko mai kuɗin Abuja yana da uwa a Malumfashi ko Hadeja, kuma hazo ba ya tambayar unguwa.

Kuma laifin ba na marubuta ba ne su kaɗai. Marubuciya tana rubuta abin da aka tafa mata a kansa. Idan duk abin da take ji daga mutum dubu shi ne a ci gaba, to za ta ci gaba da abin da ta saba. Da za ta zauna dare ɗaya a mako tana jin wata tana cewa yau a garinmu ruwa ya cinye gadar da muke bi zuwa kasuwa, wata tana cewa mu nan fara ta shigo kasuwa ana ta suya, wata tana cewa maigida ya tafi Legas sai damina, da kayan rubutu sun ishe ta ba tare da ta je neman su ba.

Ku duba jerin lambobin da ke zaurenku. Bayan +234 za ku ga +227 na Nijar, da +233 na Gana, da +237 na Kamaru, da +235 na Chadi, da +249 na Sudan, da +966 na masu zaune a Saudiyya. Ban san wani dandali da ya tara Hausawa mata daga wurare masu nisa haka a ɗaki ɗaya ba, in ba aikin Hajji ba. Kuma shekararsu ba iri ɗaya ba ce. 'Yar zangon Kumasi tana ganin damina sau biyu a shekara. 'Yar Agadas ruwanta ɗan kaɗan ne a Yuli da Agusta, wani lokacin kuma ya zo da ambaliya. A Ngaundare ruwa yana farawa tun Kano tana cikin ƙunar bazara, ya kuma daɗe bai ɗauke ba. 'Yar Jos tana sa rigar sanyi a watan da 'yar Sakkwato take neman inuwa. A Nijar idan sanyi ya shigo hankalin ƙasa yana komawa kan kokawar takobi, wadda aka fara tun 1975 a Tawa, mu a wannan ɓangaren da yawa ba mu ma san ana yi ba. Duk wannan ilimi yana zaune a zaurenku, doka ta rufe masa baki.

Akwai kuma ranakun da shirun yake zama abin kunya. A watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwanni da yawa na Maiduguri. A cikin watan ne kuma ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Damagaram mai ginin laka. Ina tambayar kowane mai riƙe da zaure, tsakaninsa da Allah: a makon nan an tsaya an tambayi 'yan Maiduguri da ke cikinku ko suna raye, ko kuwa shafi aka saki aka ci gaba da godiya? Waɗanda suka tsaya, Allah ya ba su lada. Waɗanda ba su tsaya ba, ba mugunta ba ce, ba su san wa ke ina ba ne, don ba a taɓa ba da damar tambaya ba.

Karatun kansa ma yanayi yake bi, ku kun fi ni sani. Kuna ganin yadda zaure yake yin tsit idan aikin gona ya kankama, da yadda yake cika a dogon hutun makaranta. Kun ga abin da ya faru a watan Oktoban 2024, da layukan wutar lantarki suka lalace jihohin Arewa da yawa suka kwana da kwanaki a duhu, kowa yana lallaɓa cajin da ya saya a shago, ba mai buɗe dogon shafi. Wasu sun koma sauraron littafi a YouTube saboda hannu yana cikin wanki ko tsinken zogale. Sannan ga azumi, wanda kusan duk marubuta suke ajiye alƙalami su ce sai bayan salla. Wannan ladabi ne mai kyau, ban ce a taɓa shi ba. Amma me ya sa zaure zai mutu wata guda? Lokacin ne ya dace a tambayi juna wane tafsiri ake bi, wa ta samu littafin tarihin Annabawa mai sauƙin Hausa, wa ta taɓa karanta waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu, me ake yi na buɗa-baki a Maraɗi da ba a yi a Zariya, yara sun fito tashe a unguwarku ko abin ya mutu. Azumin ma yana tafiya ne, kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11. Na 2025 ya kama a farkon Maris, yana fita daga zafi yana shiga sanyi, kuma bisa lissafi a 2030 sau biyu zai zo, a Janairu da kuma ƙarshen Disamba. 'Yan matan da suka fi yawa a zaurukanku ba su taɓa azumi a tsakiyar hunturu da wayonsu ba, rabon da a yi haka tun wajen 1999 da 2000. Iyayen da ke cikinmu suna da labarin sahur a cikin ɗari da za su ba su.

Game da tsari, ba wani abu mai wuya nake nema ba. A ce ranar Asabar bayan isha'i, awa biyu, a buɗe zaure, idan lokaci ya cika a rufe. Wadda za ta yabi littafi ta faɗi sunansa da na mai shi da inda ake saye, ta kuma faɗi dalilin yabon, ko da jimla biyu ce. Kada a faɗi ƙarshen labari. A soki rubutu, a bar marubuciya da mijinta da iyayenta. Littafin kowa ya halatta a ambata, na wannan zaure da na wani, na waya da na takarda, sabo da tsoho, har da gajerun labaran gasar Hikayata da BBC Hausa take shirya wa mata tun 2016, waɗanda ake karantawa a rediyo a wuce ba mu zauna mun tattauna su ba. Marubuciyar zaure kuma ta daure ta yi shiru a awar farko, don idan tana magana ba mai iya faɗin gaskiya.

Abu biyu ne nake so ku tsananta a kansu. Na farko, daren hira kada ya zama ƙofar satar littafin kuɗi. Da an yabi littafi za a samu mai cewa a taimaka a turo mata, wata kuma ta turo tana ganin alheri ta yi. Mai littafin ta yi taifin da babban yatsa a waya, da cajin da ta saya, tsakanin girki da raino, don naira ɗari biyar ko dubu ɗaya. Duk wadda ta turo a cire ta, ba sai an yi shawara ba. Tun da OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai, ta rufe a ƙarshen 2023 aka ga cewa shagon intanet yana iya ɓacewa dare ɗaya, abin da ya rage wa marubuciya shi ne makarantan da za su ambaci sunanta su kuma biya. Na biyu, kada a yi wa kowa dariyar Hausarta. 'Yar Nijar da ta yi boko da Faransanci rubutunta zai bambanta, haka 'yar Gana, haka Basakkwatiya da Bagobira. Idan aka yi wa ɗaya dariya sau ɗaya, goma za su koma shiru, kuma su ne waɗanda muka fi buƙatar ji.

Za a ce abin zai koma gulma da tallan atamfa da maganin mata. Wani dare zai koma, babu shakka, mu ne fa. Amma makullin yana hannunku, kuma kun iya amfani da shi, mun shaida. Za a kuma ce akwai zaurukan hira daban, mai so ta je can. Na shiga irinsu, hira ce ba littafi, kamar yadda namu littafi ne ba hira, kuma ni haɗuwar biyun nake nema, a gaban marubuciya, da mutanen da suka karanta abu ɗaya a mako ɗaya.

Ina roƙon a gwada daga wannan sanyin zuwa salla ƙarama. Dare yana da tsawo yanzu, aikin gona ya ƙare, yara suna kwanciya da wuri. Idan an sha ruwa an yi salla kuka ga ba a samu komai ba sai ciwon kai, ku mayar da dokarku yadda take, ba zan sake ɗaga maganar ba. Wadda ta amince a cikinku ta sanar a zaurenta tun ranar Alhamis, don mu da muke karatu a hankali mu samu mu ƙarasa abin da ke hannunmu.

Allah ya bar zumunci, ya ba mu lafiyar sanyi. A gaida yara.

Wassalam,
'Yar uwarku a karatu, daga Funtuwa.